Jan Fenti a Bangon Zauren Baba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, wanda mutanen unguwarmu a Haɗejiya suke kira Bulama. Na saba idan lokacin ya zagayo in yi masa addu'a, in bar abin tsakanina da Allah. Bana na kasa yin shiru. Bana ne aka zo aka shafa jan fenti a bangon zaurensa, alamar za a rushe shi, kuma tun daga ranar duk wanda ya shigo gidanmu da "da Bulama yana raye" yake buɗe baki. An sa masa maganganu iri-iri a baki, har na fara tsoron kada in manta yadda muryarsa take da gaske. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na sani.

Unguwarmu tana gefen gari, ta wajen hanyar da ta nufi Kafin Hausa. Inna, mahaifiyarmu, ta ce lokacin da aka kawo ta amarya ƙauye ne sosai: gidaje kaɗan, rijiya, masallaci, sai gonakin gero da suka kewaye su, daga can ƙasa kuma fadama da shinkafarta. Ba mu muka shiga gari ba, garin ne ya taho a hankali ya same mu. A sakatariyar ƙaramar hukuma Baba mai unguwa ne, amma a bakin jama'a Bulama yake, kamar yadda aka kira mahaifinsa, don kakanninmu daga gabas suka zo, ta wajen tafkin Chadi. Ni kuwa Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Sauran 'yan gida Ummi suke kira na.

Zauren shi ne ofishinsa. Ginin ƙasa ne mai kauri, rufin azara, daɓensa ya yi santsi saboda zama. Ko bazara ta kai inda ta kai, cikinsa akwai wani sanyi mai ƙamshin ƙasa da goro. Tsattsewa sun yi sheƙa a tsakanin azarar, Baba ya hana a kore su, yana cewa su ma 'yan unguwa ne, kuma su kaɗai ne ba su taɓa kawo masa ƙara ba. Da ina yarinya na ɗauka aikin hukuma wani babban abu ne da ake yi a Dutse cikin manyan riguna. A bayan ƙyauren zauren nan na gane cewa yawancinsa ruwan wanka ne: na wa ya gangara ƙofar wa, wa ya zubar da shara a bayan ɗakin wa, a ƙofar wa za a haƙa famfon tuƙa-tuƙa da kansila ya samo. Baba yakan saurari mutum har ya gaji da magana don kansa, sannan ya jawo takalmansa ya ce a je a gani.

Sai dai abin da aka fi tunawa da shi game da Baba makara ce, abin ɗaukar gawa.

Lokacin da aka fara yanka gonaki ana mayar da su filoti, kowa ya sayi nasa sai ya so ya ɗan tura katanga gaba. Wannan ya ci taƙi daga hanya, na gabansa ya ci taƙi, kafin a farga lungu ya matse. Sai Baba ya kafa dokarsa. Babu wanda zai tona harsashin katangar da ta kalli hanya sai an kafa turaku an ja igiya, sannan a aika masallaci a ɗauko makara. Mutum huɗu za su ɗora ta a kafaɗa, babu kowa a ciki, su bi tsakanin igiyar da bangon maƙwabci, tun daga ƙofar gidan har bakin titi. Idan sun wuce kafaɗa ba ta goga ba, suka sha kwana ba su karkata makarar ba, ba su kuma sauke ta ba, sai Baba ya ce a yi bismillah. In ba haka ba, a ja turke baya. Kuma dole mai gidan ya kasance cikin huɗun nan, shi ne ma a gaba.

Mata ba sa son abin ko kaɗan. Akwai wadda ta ƙi tarewa a sabon gida sai da aka yi mata saukar Alƙur'ani. Inna ma ta sha yi masa magana.

"Malam, mutum yana murnar sabon gida, ka kai masa makara ƙofa?"

"To da me za a fito da shi ran da Allah ya yi? Da kwando?"

Na fi tuna ranar Baffa Buba. Dillalin shanu ne, Bafulatani, aminin Baba tun suna samari, kuma abokin wasansa, kamar yadda Fulani da Barebari suka gada. Da zai yi katanga, ya ja igiyarsa ta shigo hanya sosai, yana taƙama da cewa Bulama nasa ne. Aka ɗauko makara, aka tafi lafiya, sai da aka zo kwana ta ƙi wucewa.

"Kai Babarbare," in ji Baffa, yana haki a ƙarƙashinta, "a ɗan karkata ta mana. Wa ke ciki?"

"Yau dai babu kowa. Hau ka kwanta, in ka yarda a karkata da kai."

"Allah ya kiyaye. Ni sai na binne ka, na gaji rawanin nan naka."

"To ka ga ke nan kai za ka ɗauke ni ta nan. In ka zubar da ni a kwanar nan, Buba, sai na tashi na kai ka ƙara."

Aka yi ta dariya har masu ɗaukar makara suka kusa sakinta. Baffa da hannunsa ya tuge turken ya mayar baya, yana ta jera wa Barebari kirarin tsiya tun daga kakansu na farko.

Da ya rasu, ta kwanar nan aka bi da Baba, don ita ce hanyar makabarta. Mu mata muna cikin gida, ba mu gani ba. Da aka dawo, Baffa Buba ya tsaya daga bakin ƙofar tsakar gida don yi wa Inna ta'aziyya. Ya ce, "Hajiya, ban zubar da shi ba." Ya juya ya fita.

Da zan bi son raina, a nan zan tsaya, in ce Baba ya hango komai. Amma bai hango komai ba, kuma ba na jin zai so 'yarsa ta yi masa ado da abin da ba nasa ba. Akwai shekarar da ma'aikatan safiyo suka zo daga ƙaramar hukuma da shawarar a fitar da hanya mai faɗi a tsakiyar unguwa, da lambatu hagu da dama, tun gidajen ba su yi yawa ba. Baba ya tsaya kai da fata ya ƙi. Yana ganin filin talaka za a rage don mai mota ya ji daɗi. "Wa ke da mota a nan?" in ji shi. "Ta tsaya a bakin titi, mai ita ya taka. Ƙafa ba ta ƙarewa." Ya yi ta zirga-zirga tsakanin sakatariya da gidan hakimi har maganar ta mutu, mutane suka yi ta sa masa albarka.

Ma'aikatan nan su ne da gaskiya. Gonakin da suke shanye ruwan sama sun zama kwano da siminti. Mu mutanen bakin kogi mun saba kallon ruwa yana tahowa daga ƙasa, idan kogi ya cika ya tumbatsa. Ba mu saba da wanda yake sauka daga rufinmu ya rasa inda zai bi ba. Bara da damina ruwa ya kwanta a lungunanmu ya ƙi tafiya, ya yi kore, sauro ya samu gari. Wata maƙwabciyarmu naƙuda ta kama ta da rana tsaka, adaidaita sahu ya kasa shigowa, a baro aka tura ta har bakin titi, mata suna riƙe da zannuwa suna kare ta daga idon mutane. Allah ya sauke ta lafiya. Amma ranar na tsaya ina kallon lungun nan da Baba ya auna da kafaɗun mutane, na ga ya tanadar mana hanyar da za a fita da mu cikin mutunci, ita kuwa wannan baiwar Allah da take ƙoƙarin kawo rai duniya ba ta samu irin wannan mutuncin ba.

Nakan yi tunanin da zai dawo ya zaga unguwar da yamma, hannu a baya kamar yadda ya saba. Ba zai ga rijiya ba, shagon cajin waya ne a kanta. Inda yake cewa daga nan fadama ta fara, makarantar kuɗi ce mai bango shuɗi. Zai yi sallama da mutanen da ba su san sunansa ba. Zai tarar da Yaya Habu, babban wanmu wanda ya gaje shi, yana rabin aikin mai unguwa a waya, inda aka haɗa 'yan unguwa wuri guda kowa yana turo murya yana faɗa, babu mai jiran wani ya gama. Makara kuwa ta koma aikinta ɗaya. Yanzu mutum takardarsa yake karɓowa daga ofishin filaye, kuma babu wanda zai yarda a zo masa ƙofa da abin ɗaukar gawa. Ban san ko Baba zai ji haushi ba. Wataƙila ya tsaya a shagon cajin nan ya yi ta tambayar mai shi yadda abin yake aiki, don mutum ne mai son tambaya idan ba a kan hanya ake magana ba.

Bayan abin da ya faru bara, ƙungiyar unguwa ta yi ta kai da komo har ƙaramar hukuma ta yarda za ta fitar da hanyar nan da aka ƙi a da, da lambatun da zai kwashe ruwa ya kai babbar magudana. Farkon bazara ma'aikata suka zo da igiyar awo da gwangwanin fenti. Wani katanga aka ci masa, wani rumfar shago, wani bayan gida. Mu zauren gaba ɗaya. Dalilin kuwa a fili yake, sai dai ba mu taɓa lura ba. Zauren ya girmi hanyar. Daga jikinsa aka fara jan igiyar kowane lungu, shi kaɗai ne ba a taɓa aunawa ba. Ya turo cikin hanya kamar gwiwar hannu, muna zagaye shi tun muna yara ba mu san zagaye muke ba.

Kansilanmu ya zo da kansa. Matashi ne mai ladabi, ya cire takalmi tun daga nesa, ya ƙi zama a kan tabarma sai a gefenta. Ya ce wa Yaya gidan Bulama ba kamar sauran gidaje ba ne, idan iyali suna so zai yi magana a ɗan karkata hanyar ta bar zauren. Na yarda cewa da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma hanya ba ta karkata a iska. Idan ta bar mu, gidajen da suke kallonmu za ta ci, kuma na mutanen da ambaliya ta taso daga ƙauyukan wajen Kirikasamma ne, waɗanda suka sayi 'yan filaye ƙanana suka yi ɗaki bibbiyu. A wurinsu ba katanga za ta tafi ba, ɗaki ne. Sauran unguwa kuwa kowa ya zuba ido. Babu wanda ya taɓa nasa bangon. Duk mai wucewa sai ya saci kallon jan fentin da ke jikin zaurenmu, ya ga ko yana nan.

Ni ina cikin masu son a karkata, ba zan ɓoye ba. Zauren nan ne kaɗai wurin da nake shiga in ji kamar Baba ya fita ne zai dawo. Buzunsa yana nan, da ƙusar da yake rataye carbi, da wani wuri a bango da ya yi duhu saboda jinginar kansa. Na ce wa Yaya garin da yake share duk abin da ya tsufa watarana 'ya'yansa za su tashi ba su san daga ina suka fito ba. Na ce a wasu garuruwan irin wannan ginin kewaye shi ake yi ana nuna wa baƙi. Har yau ban ga ƙarya a abin da na faɗa ba.

Yaya ya bari na gama, ya ce, "Ummi, ke waƙa kike gani a jikin bangon nan. Ni gobe zan fita in ce wa mutum ya rushe shagon da yake ci da iyalinsa. Da wane bakin?"

Amma shi ma bai iya cewa a rushe ba. Yakan zauna a ciki bayan la'asar shi kaɗai, ya kashe waya. Kuma dukkanmu mun san maganar ƙarshe ta Inna ce, ita kuwa ta ƙi cewa komai.

A cikin wannan shirun ne mutane suka yi ta zuwa da saƙon Baba. Wannan ya ce da Bulama yana raye babu wanda ya isa ya kusanci zaurensa da fenti. Wancan ya ce da Bulama yana raye da tun ranar farko ya ɗauki diga. Na lura kowa Bulaman da ya dace da bangonsa yake kawowa. Wanda aka ci wa shago yana son mai taurin kai, wanda ruwa yake shiga ɗakinsa yana son mai sadaukarwa. Mamaci ba ya musu, shi ya sa ake son kafa shaida da shi.

Da abin ya dame ni na je gaishe da Baffa Buba. Ya tsufa ƙwarai, ya daina zuwa kara, kasuwar shanu, yini yake a gindin maina a ƙofar gidansa. Na tambaye shi, shi da ya fi kowa saninsa, me Baba zai yi.

"'Yar Babarbare, gaskiya kike so ko wadda za ki rubuta?"

"Gaskiya, Baffa."

"Faɗa zai yi. Sai ya zagi safiyo, ya zagi fenti, ya zagi wanda ya sayar da fentin. Sai ya hana kowa barci da maganar kakansa da ya gina wurin. Ubanki ba waliyyi ba ne, yana son zauren nan kamar ransa." Ya murza gemu. "Abin da ban sani ba shi ne bayan faɗan. Don in ya gama hayaniya takalmi yake jawowa ya je ya duba. Abin da ya gani kuma, ni ban isa in gani a madadinsa ba. Ku da kuke da idanu, kun je?"

Ba mu je ba. Muna ta maganar gidajen da suke kallonmu, amma babu wanda ya tsallaka. Na dawo na faɗa wa Inna yadda muka yi da Baffa, ba don in sa ta yin wani abu ba, don dai ta yi dariyar zagin fentin. Ba ta yi dariya ba. Washegari da hantsi ta ce in miƙo mata mayafi in raka ta.

Gidan da yake daidai ƙofarmu na Falmata ne. Mijinta masunci ne, yakan daɗe bai dawo ba, ita kuma tana soya awara a ƙofar gida. Muna gaisawa, ana aiko mana da awara, muna aika tuwon sallah, amma Inna ba ta taɓa shiga ba. Falmata ta rikice da ganinmu, ta rasa inda za ta shimfiɗa tabarma.

"Hajja, da kanki? Ai da kin aiko na zo."

Inna ta ce ɗakin da yake bakin hanya take son gani. Muka shiga. Ɗaki ne madaidaici, nan yaranta suke kwana tare da surukarta. Abin da ya fara ɗaukar idona bangon ne, fayau, sai ƙusoshi da shatar wuraren da kwanuka suka daɗe a rataye. An naɗe katifa an ɗaure da igiya. Kayan sawa suna cikin ƙulli-ƙulli a jere a bakin ƙofa.

"Tafiya za ku yi?" in ji Inna.

"A'a, Hajja. Cikin ɗayan ɗakin za mu matsa. Na ce gara in kwashe a hankali, kada katafila ta zo ina rawar jiki."

"Wa ya ce miki ɗakinki za a rushe? An shafa miki fenti?"

"Babu wanda ya ce." Ta sunkuyar da kai tana murmushi, irin murmushin da ake yi wa babba don kada ya ji nauyi. "Amma ai gidan Bulama ne a gabanmu. Ba komai, Hajja, mu mun saba tashi."

Ba ƙorafi take yi ba. Da ƙorafi ne da ya fi mini sauƙi. Ta dubi zaurenmu, ta dubi ɗakinta, ta yi hukuncin da take ganin duniya za ta yi, ta fara naɗe katifa. Sunan mahaifina, wanda nake ta son a kare, shi ne ya sa ta kwashe kwanukanta ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

Inna ta daɗe tana kallon ƙusoshin nan. Sannan ta ce, "Mayar da kayanki."

Da muka koma gida ta ce in kira mata Mai Unguwa, don ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne. Ya zo ya durƙusa. Ta ce ya gaya wa kansila an gode, a bar hanya ta bi inda aka ja ta. Sharaɗinta ɗaya ne: katafila ba za ta taɓa zauren ba. "Ba zan zauna a ɗaki ina jin ƙarfe yana cin wurin da babanku ya yi sallah ba. Da hannu aka gina shi, a sauke shi da hannu."

Ranar Asabar da safe aka yi gayya. An fara cire ƙyauren, aka jingina shi a tsakar gida, sannan aka kwance rufi, ana miƙo azara ɗaya bayan ɗaya. Tsattsewa suka fita suna ta kewaya sama, sun rasa inda za su sauka. Baffa Buba ya zo da sandarsa ya ce lallai shi zai fara sara, wai tun ranar da Babarbare ya sa shi tuge turke yake jiran ramuwa. Aka ba shi diga. Ya ɗaga da ƙyar, ya sauke, ko ɓarɓashi bangon bai zubar ba. Samari suka kwashe da dariya. Shi ma ya fara dariyar, sai kuma ya miƙa digar ya koma gefe ya zauna, ya ja hula ya rufe fuska. Ni ina leƙe daga cikin gida har ƙura ta hana ni gani, na ce wa kaina ƙurar ce take sa idona ruwa. Kafin azahar babu zaure. An kafa zana a inda ƙofar tsakar gida take. Wani haske da ban saba da shi ba ya shigo gidanmu, har yau idan na fito da safe sai in ji kamar a gidan wasu na kwana.

Ba zan ce unguwa duka ta bi sahu ba. Da yawa sun ja katangarsu baya a makon, wasu da fara'a, wasu suna gunaguni. Akwai kuma wanda har yanzu yake sintiri a sakatariya yana neman a karkata masa tasa. Aikin hanyar kansa bai fara ba. An zo an juye tsakuwa a bakin titi, an tafi. Shamuwa ta riga ta iso, gabas ta fara haɗa hadari da yamma, mu kuma muna zaune da gida babu zaure, ga fili a ƙofa da yara suka mayar wurin ƙwallo. Yaya yana zuwa ofis yana dawowa da "an kusa". Wani lokaci nakan tsaya a wurin in rasa ko daidai muka yi. Kewar ba ta ragu ba, kuma ban daina ganin cewa gari yana bukatar tsofaffin bangaye ba.

Idan na auna abin da ya rage na Baba bayan shekara tara, ba shi da yawa a ido. Dokar makara ta tafi, kuma ta cancanci tafiya, don garin ya fi ƙarfinta. Lungunansa ana faɗaɗa su. Zaurensa ya koma ƙasar da aka ɗebo shi. Abin da na ga ya saura shi ne wata tsohuwa mai ciwon gwiwa da ta ɗauki mayafi ta tsallaka hanya don ta gani da idonta kafin ta yanke magana a kan ɗakin wani. Ban san ko wannan ya isa a kira shi gado ba. Na dai san ba daga takarda ta koya ba.

Kwanan baya na shiga wurin Falmata sayen awara. Kwanuka sun koma bango, an shimfiɗa katifa, surukarta tana zaune a kai tana jan carbi. Amma a bayan ƙofa na ga ƙulli ɗaya da ba a kwance ba. Na tambaye ta ko mantawa ta yi.

"Ban manta ba, Ummi," ta ce, tana juya awara a mai. "Wannan sai na ga an zuba kwalta."

Ban yi mata musu ba. Ni ma kwaltar nake jira. Allah ya jiƙan Bulama, ya yalwata masa makwanci fiye da yadda ya yalwata mana hanya, ya kuma nuna mini ranar da Falmata za ta kwance ƙullin nan.